Tsakanin Yatsa da Baƙi

Darasin farko da ake yi wa ɗalibin kimiyyar harshe shi ne ya raba sauti da harafi. Ana nuna masa cewa «sh» na «shanu» haruffa biyu ne a takarda amma sauti guda ne a baki, haka ma «ts» na «tsamiya». Ana kuma nuna masa cewa «kuka» na yaro da «kuka» ta miya rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su, rubutun yau da kullum kuwa bai damu da nuna shi ba. Wanda ya sha wannan darasi yakan ɗauka ya rabu da ruɗanin haruffa ke nan, sai ranar da ya zauna gaban kwamfuta da niyyar rubuta ƴar manhaja da hannunsa. A nan yake tarar da wani rabo da ba a taɓa yi masa ba a aji: madannin da yatsa ya taɓa daban, harafin da ya fito a allo daban, lambar da ta isa ga manhaja ita ma daban.

Wata ɗaliba mai shirya kundin mastarta a fannin furuci ta bi wannan hanya tun daga farkonta. Tambayar da take son amsawa ita ce ko matasan Hausawa da suka tashi a Yamai, inda Zabarmanci da Faransanci suka kewaye su, suna rarrabe b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ a kunne da saurin da takwarorinsu na Maraɗi ko Damagaram suke yi. Ta naɗi muryar wani mai magana yana faɗin kalmomin da baƙi guda ya raba su a rubuce: «kafa» da «ƙafa», «bari» da «ɓari», «daka» da «ɗaka». Abin da ya rage shi ne ƴar manhajar da za ta kunna kalma, mai saurare ya danna madanni guda, ita kuma ta rubuta abin da ya danna da lokacin da ya ɗauka. Ɗalibar ta taɓa yin kwas na share fage a harshen C, don haka ta ga aikin bai fi na yini guda ba.

A harshen C akwai umarnin da ake kira getchar, wanda littattafan koyo suke cewa yana karanta harafi guda daga allon madannai. Ta sa shi a inda ya dace, ta buɗe baƙar tagar nan da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, ta kunna. Kalma ta fito, ta danna b, harafin ya bayyana a allo, amma manhaja ta yi tsit kamar ba a taɓa kome ba. Sai da ta danna babban madannin da aka rubuta wa Entrée sannan ta motsa. Ga mai rubuta wasiƙa wannan ba abin damuwa ba ne. Ga mai auna saurin kunne kuwa ɓarna ce babba, domin bambancin da take nema bai kai daƙiƙa guda ba, lokacin da manhajar ta rubuta kuma ya haɗa har da tafiyar yatsa daga b zuwa Entrée. Da an bar shi haka, da ƙwarewar hannu a kan madannai aka auna.

Dalilin wannan jira ya girmi kwamfutocin da ake gani yau. A shekarun 1960 kwamfuta guda ce mutane da yawa suke rabawa, kowa yana zaune gaban wata na'ura mai kama da keken rubutu da aka haɗa da ita ta waya. Mafi shahara cikinsu ita ce Teletype samfuri na 33, wadda ta fito a Amurka a 1963, tana buga haruffa goma a daƙiƙa a kan takarda. Da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a cibiyar bincike ta Bell a 1969, suka kuma samar da harshen C a wajajen 1972, irin waɗannan na'urori ne a gabansu. Tayar da manhaja saboda kowane harafi da kowane mutum ya danna asarar ƙarfin na'ura ce, ga shi kuma mai bugawa yakan yi kuskure ya so gogewa. Sai aka sa wani ɗan aike a tsakani, mai tara haruffan layi guda a wata ma'ajiya, ya ba mutum damar gyara, ya miƙa layin dungum idan an danna Entrée. Ma'ajiyar nan kamar zaure take: baƙi suna taruwa a ciki, ba a shiga da su cikin gida sai an yi musu iso gaba ɗaya. Na'urar takarda ta daɗe da shiga tarihi, amma har yau tsarin Linux yana kiran tagar umarni da gajeren sunanta, wato tty, kuma yana yi mata hidima irin ta da.

Fahimtar zauren nan ta warware wa ɗalibar wasu abubuwa biyu da suka ɗaure mata kai. Na farko, harafin da ta gani a allo lokacin da ta danna b ɗan aiken ne ya nuna shi, manhajarta ba ta ma san an danna ba tukuna. Na biyu, Entrée shi ma baƙo ne da ke shiga zauren, yana da lambarsa, wato 10. Idan manhaja ta ɗauki b ta tafi, lambar 10 tana nan zaune tana jira, getchar na gaba kuwa ita zai ɗauka a matsayin amsar tambaya ta biyu. Shi ya sa masu koyo suke kukan cewa manhajarsu tana tsallake tambaya: an tambayi shekarun mutum da scanf, ya rubuta 23 ya danna Entrée, tambayar da ke biye ta wuce kamar walƙiya ba a ba shi damar amsawa ba.

A kwamfutarta mai Windows maganin ya zo da sauƙi. Akwai umarnin getch a cikin wani fayil mai suna conio.h, wanda yake ɗaukar danni nan take, ba jiran Entrée, ba kuma nuna harafi a allo. Gado ne daga zamanin MS-DOS, ya yaɗu da manhajar Turbo C ta kamfanin Borland wadda ta fito a 1987, kuma har yau yana cike da littattafan koyo. Sai dai bai taɓa shiga ƙa'idar harshen C da aka daidaita a 1989 ba. Ƙa'idar ba ta san allon madannai ba sam, abin da ta sani shi ne kwararar haruffa, ko daga fayil suke ko daga yatsun mutum. Kwamfutar da aka ara mata don aikin fili tana ɗauke da Ubuntu, ranar da ta kai manhajarta can sai aka ce da ita babu wani fayil mai suna conio.h.

Ta kai kuka wajen wani ɗalibin sashen kwamfuta da ya girme ta, ɗan unguwarsu. «Yaya, abin da ya yi aiki jiya a tawa ya ƙi a wannan, alhali ban sake ko ɗigo ba.» Ya duba ya yi murmushi, ya ce: «Ƙanwata, harshen guda ne, gidan ne daban. A nan sai kin roƙi mai tsaron zaure ya bar ƙofa a buɗe.» Ya nuna mata fayil ɗin termios.h, inda ake karɓo saitin taga da tcgetattr, a kashe wasu alamomi biyu, a mayar da tcsetattr. Alamar ICANON ita ce mai sa a tara layi, ECHO kuma ita ce mai nuna abin da aka danna. Da an kashe su, getchar ɗin nan da ya ƙi motsi yakan amsa da taɓawa guda. Ya ja kunnenta a kan abu ɗaya: saitin na taga ne, manhaja aro ta yi, don haka dole ta adana na asali ta mayar kafin ta fita. In ta mutu a tsakiya ba ta mayar ba, mutum zai yi ta bugawa ba ya ganin kome a allo, sai ya rubuta stty sane a makance ya danna Entrée kafin tagar ta dawo hayyacinta.

Da ƙofa ta buɗe, sai ta rubuta wata ƴar manhaja ta gwaji mai nuna lambar da ta iso idan an danna madanni. Ƙaramin a ya ba da 97, babban A ya ba da 65, b ya ba da 98. Waɗannan lambobi daga jadawalin ASCII suke, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, mai gurabe 128 kacal, daidai buƙatar Ingilishi. Madannin da ke mayar da harafi babba, idan aka danna shi shi kaɗai, bai aiko da kome ba, domin tagar umarni ba ta ba da labarin madannai, sakamakonsu kawai take miƙawa. Allon AZERTY da aka saba da shi a Nijar ya ƙara nasa: layin sama da ake gani da lambobi, in ba a haɗa da madannin manyan haruffa ba, &, é, è, ç da à yake bayarwa. Mai sauraren da aka ce ya danna 2 zai aiko da é. Akwai kuma madannin hular nan da ke kusa da P, wanda masu nazarin Hausa suke nuna faɗuwar karin sauti da ita a kan wasali. Idan aka danna shi ba abin da ke fita, yana jiran wasalin da zai hau: danni biyu, harafi guda, wato â.

Madannan kibiya sun juya lissafin. Kibiyar sama a Linux lambobi uku take aikowa a jere, 27 da 91 da 65, al'adar da ta yaɗu tun daga allon VT100 na kamfanin DEC na 1978. A Windows getch yakan ba da biyu, 224 ko 0 a gaba, sannan 72. Matsalar ita ce 27 ita ce kuma lambar madannin Échap. Manhajar da ta ga 27 ba ta san ko an gama magana ba ko saura, sai ta ɗan dakata ta ga ko wani abu yana biye. Ɗalibin harshe ya san wannan hali sarai. Mai karatun Hausa da idonsa ya faɗa kan t ba ya furta shi sai ya leƙa ko s na binsa, haka ma k sai an duba ko w ko y na bayansa.

Duk wannan share fage ne ga abin da ya faru da baƙaƙe masu ƙugiya. A kashi na biyu na gwajin, ana son mai saurare ya danna baƙin da kalma ta fara da shi. An saita mata allon yadda AltGr da b za su ba da ɓ, AltGr da d su ba da ɗ, haka ma ƙ. Ƴar manhajar gwaji, wadda take nuna lamba guda ta fita, ta ce ɓ shi ne 201, aka shigar da haka cikin jadawali. Abokan karatunta uku suka zauna don gwajin share fage, dukansu haifaffun Maraɗi. Sakamakon ya nuna cewa duk lokacin da aka kunna «ɗaka» ko «ɗari», su ukun ɓ suka ji. Ya kuma nuna cewa tambayar da ke biye da kowane baƙi mai ƙugiya an amsa ta cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, da wata lamba da ba ta cikin jadawali.

Malamin da ke duba aikinta ya daɗe yana kallon takardar. Ta ce: «Malam, ko ku ma kun ga abin da na gani? Kamar ɓ da ɗ sun haɗe a kunnensu.» Ya ce: «Malama, Bamaraɗen da bai raba ɗari da ɓari ba, a kasuwa za a fara gane shi kafin a ɗakin gwaji. Bar wannan layi, dubi na ƙasansa. Wane ne yake amsa tambaya kafin a gama yi masa ita?» Lambobin da ke waɗannan layuka 147 ne da 151 da 153, suna maimaituwa bisa tsari: 151 ba ta zuwa sai bayan kalma mai ɗ, 147 kuma sai bayan mai ɓ.

Bayanin yana cikin yadda ake ajiye haruffan da ASCII bai san da su ba. Jadawalin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi na duniya lambarsa. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin haruffan furuci na ƙasa da ƙasa, tun da alamomin sautuka haɗiyau ne a wajen masana, ƙ da ƴ kuma suna cikin wani rukuni na ƙarin haruffan Latin. Lambobinsu sun wuce abin da bayit guda zai ɗauka, domin bayit daga 0 zuwa 255 yake tsayawa. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, yana raba irin waɗannan lambobi gida biyu ko fiye. A cikinsa ɓ shi ne 201 da 147, ɗ shi ne 201 da 151, ƙ shi ne 198 da 153, ƴ kuma 198 da 180. Umarnin getchar bayit guda yake ɗauka, ko da littafi ya ce harafi. Ya ɗauki 201 daga ɗ, jadawali ya ce ɓ ne, ya bar 151 a zaure ta zama amsar tambaya ta gaba. Masu sauraren nan uku daidai suka danna tun farko.

Gyaran layuka kaɗan ne, domin UTF-8 yana sanar da tsawon harafi tun daga bayit na farko. Daga 0 zuwa 127 harafi ne cikakke. Daga 194 zuwa 223 akwai bayit guda a baya, daga 224 zuwa 239 akwai biyu, daga 240 zuwa 244 akwai uku. Masu biyowa kullum tsakanin 128 da 191 suke, don haka ba a ruɗa su da masu buɗe harafi. Manhaja ta dubi na farko, ta ƙirga saura, ta haɗa su kafin ta yanke hukunci. Abin lura shi ne yadda sakamakon farko ya zo da kamar gaskiya. Ɓ da ɗ duka haɗiyau ne, kuma hasashen binciken ma raunin kunne yake nema, don haka an samu bayani na ilimi a shirye da zai rufe aibin na'ura. Da gwajin share fagen a kan ƴan Yamai aka yi shi, da wuya wani ya tsaya duba layin ƙasa.

Ƙa'idar rubutu ita ma tana da hannu a wannan lissafi. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1978, waɗanda hukumar UNESCO ta shirya, sun yi aiki a kan haruffan rubuta harsunan Afirka, kuma ƙa'idar da Nijar ta tabbatar a 1999 tana rubuta ƴ da ƙugiya, alhali a Nijeriya alamar ɗauri ake sa wa y a gaba. Sauti guda ne a bakin Bakano da Badamagare. A wajen na'ura kuwa na Nijar harafi guda ne mai bayit biyu, na Nijeriya haruffa biyu ne, ita alamar ɗaurin ma tana da siffofi fiye da ɗaya, kowace da lambarta. Wanda ya tara matani daga ƙasashen biyu ya nemi «ƴaƴa» a ciki, rabin abin da yake nema zai ɓuya masa. Masu sa alamar karin sauti da ta tsawon wasali suna da nasu: a mai tsawo kuma mai karin ƙasa ba shi da gurbi guda a Unicode, sai an ɗora alama a kan harafi, ido ya ga abu ɗaya na'ura ta ƙirga biyu.

Tagar umarni tana da iyakar da dabara ba ta ƙetarewa. Ba ta faɗin lokacin da aka saki madanni, kuma idan yatsa ya daɗe a kai sai ta yi ta maimaita harafin kamar an danna sau da yawa, abin da dattijon da bai saba da kwamfuta ba yakan yi. Don irin wannan aiki akwai manhajojin da aka gina musamman, kamar Praat ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam, da PsychoPy, kuma mai binciken da zai wallafa ma'aunin lokaci ya fi dacewa ya koma gare su. Ɗalibar ta ɗauki darasi guda daga can ta sa a tata manhajar: ta rage madannan amsa zuwa biyu, F da J, masu ɗan tudun nan da yatsa ke ji ba sai an duba ba. Kowanensu bayit guda ne, kuma wurinsu bai sake ba tsakanin AZERTY da QWERTY. Ta liƙa wa ɗaya jar takarda, ɗayan kore, ta sa manhaja ta zubar da duk abin da ya taru a zaure kafin ta kunna sabuwar kalma. Ta haka wanda bai yi lakwal ba ma ya iya shiga gwajin, tun da ba a buƙatar ya san siffar ɓ kafin ya nuna ya ji ta.

Allunan madannai da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Tawa da Damagaram ba su da gurbin ƙ, shi ya sa saƙonnin waya suka cika da «kasa» inda ake nufin «ƙasa». Ƙamus na na'ura, da manhajar gyaran rubutu, da taskar matanin Hausa da ake fata, duk ɗaliban wannan fanni ne za su gina su ko su duba ingancinsu, kuma kowane ɗayansu daga danni guda yake farawa. Mai son gani da idonsa ba ya buƙatar fiye da layuka ashirin na C, ko ƙasa da haka a Python: a kashe ICANON da ECHO, a yi ta karanta bayit ana nuna lambarsa, a mayar da saiti idan an danna q. Sai a danna a, a danna é, a danna kibiyar sama, a danna hula da a, a ƙare da ɓ da ɗ, ana ƙirga lambobin da suka fito a kowane karo.